Guzuma da Zane na Huɗu

Guzuma ba saniya ba ce, mota ce, kodayake duk wanda ya ji yadda nake maganarta zai zaci da turke nake ɗaure ta. Tsohuwar a-kori-kura ce, a da fara ce, yanzu ta koma launin hanyar da take bi. Shekara ashirin da shida muna tare. Kowane mako ina tashi daga Magariya, in bi ta Dungas, in kwashi 'yan kasuwa da buhunan wake da awakinsu in kai Mallawa. Sunana Maiwada, amma a tasha in ba ka ce Mai Guzuma ba, sai a yi ta tambayarka wane Maiwadan.

Hanyar da nake yankewa ta cikin ƙauyuka tana da wuri ɗaya da ake gane mota da mai ita, wato Tudun Kuka Biyu. Rairayi ne zalla, mai laushi kamar garin tuwo, ga shi da tsawo. Na sha ganin sababbin motoci masu sheƙi sun taho da gudu sun nutse har ciki. Guzuma kuwa ba ta san gaggawa ba. In sa mata giya ta biyu, ta yi gurnani, ta haye da kayanta, fasinja ko takalmi ba ya cirewa. Ina alfahari da wannan, kuma ban taɓa ɓoyewa ba.

Sai dai ba gwanintata ba ce ni kaɗai. Tun ranar da na saye ta hannu ɗaya ne ke shiga cikinta, hannun Rabe bakanike, mai garaji a gindin dogon yaro can bayan tasha. Bafillace ne, ni kuma kakata Babarbariya ce, saboda haka shekara talatin ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsokana ba. Gidansu makiyaya ne masu noma. Shi kaɗai ya bar shanu ya kama ƙarfe, amma halin bai bar shi ba. Shanun gidansu suna da shaida, zane uku a jere a cinya, kuma Rabe bai taɓa mallakar abu bai yi masa wannan zanen ba. Guduma, buta, kujerar da nake zama, duk suna da shi. Tsofaffin kayan mota ma da yake ajiyewa, sai ya huda kowanne, ya zana masa uku, ya rataye a ƙusa jikin bango. Na taɓa ce masa in na yi barci a garajin nan zan farka da zane a cinya. Ya ce shi ba ya yi wa abin da ba shi da amfani shaida.

Bara waccan idanunsa suka yi hazo. An yi masa aiki a Damagaram, ɗaya ya ɗan dawo, ɗayan kuwa ya tafi ke nan. Sai ya miƙa garaji ga ɗansa Abdulwahabu, ya koma ƙauyensu, wanda ke bayan Tudun Kuka Biyu, in ka haye za ka hango rumbunansu. Duk ranar kasuwa in na kai kan tudun sai in danna oda sau uku, shi kuma yana zaune a inuwar gawo ya ɗaga mini sanda. Ba ma tsayawa, amma kowa ya san ɗan'uwansa na nan lafiya.

Wahabu, kamar yadda muke kiransa, magidanci ne mai 'ya'ya uku. Ya yi lakwal ɗin koyon sana'a a Damagaram, ya dawo da takardar shaida da littattafai masu hotunan inji. Aikinsa da tsabta, ba ya ƙarya, ba ya cuta, kuma ina son sa kamar ɗan cikina. Abu ɗaya ne da shi: duk abin da babu shi a littafi sai ya yi masa wani irin kallo.

Bana da bazara Guzuma ta yi zafi a hanya, ruwanta ya tafasa, murfin injin da muke kira kilas ya lanƙwashe. Wahabu ya kwance shi ya kai Damagaram aka goge fuskarsa ta daidaita. Karo na huɗu ke nan da aka yi mata haka, uku na baya a hannun ubansa aka yi. Ya sa sabuwar sarƙa, ya mayar da komai, ya wanke hannu, ya ce mu hau gudron, wato kwalta, mu gwada.

Wallahi ranar sai da na tsorata. Guzuma ta miƙe a kan kwalta kamar an yi mata albishir, allura ta kai inda ban taɓa ganin ta kai ba.

"Baba Maiwada, ka ji ta?" in ji Wahabu, yana ɗaga murya saboda iska. "Yanzu take daidai yadda masu ita suka ƙera ta."

Na yi dariya har hulata ta faɗi. Na koma tasha na cika wa shoferori kunne da baki, na ce tsohuwa ta koma budurwa.

Ranar kasuwa na ɗauki mutum goma sha shida, buhu goma sha biyu da awaki huɗu. Matata Fati ma tana gaba, za ta je duba ƙanwarta a Mallawa. Muka iso gindin tudu, na sa giya ta biyu kamar kullum, na taka. Ba mu kai rabi ba sai muryar Guzuma ta canza, ta yi wani irin nishi, ƙarfinta ya zube, ta tsaya. Na koma da baya na sake gwadawa da giya ta ɗaya. Ta tona rami ta zauna a ciki. Sau uku muna yi. Fasinja suka sauka suka cire takalma suna turi, rana tana dukan kowa, ni kuma na durƙusa ina yashe rairayi da hannu daga ƙarƙashin taya. Wani mai amalanken shanu ya zo ya wuce mu a hankali, ya ce mana sannunku da aiki. Gara da zagina ya yi.

Ƙarshenta sai da muka juya muka bi doguwar hanya, muka isa Mallawa kasuwa tana watsewa. Ranar ban danna wa Rabe oda ba.

Fati ba ta yi mini magana a gaban mutane ba, ba halinta ba ne. Sai washegari da hantsi, bayan ta ajiye mini koko, ta zauna a bakin tabarma.

"Baban Mariama," ta ce, "shekararka sittin da biyu. Jiya na ga ka durƙusa kana tonon ƙasa, numfashinka yana fita da ƙyar. Mamadu ya daɗe yana cewa ka huta, shi zai riƙe gida. Masu sayen tsohon ƙarfe daga ƙetaren iyaka kuma sau nawa suna tambayarka. Ka ba su ita mana, tun kafin ita ta ba da kai."

Mamadu babban ɗanmu ne, yana aiki a Damagaram. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya take faɗa. Na san kuma abin da masu ƙarfen nan suke yi wa mota: wuta suke sa mata su yanka gunduwa-gunduwa, su ɗora a sikeli.

"Ki ba ni kasuwa ɗaya," na ce. "In ba ta hau tudun nan da kayanta ba, ni da kaina zan kira su."

"Da bakinka ka faɗa."

"Da bakina."

Shekara talatin da takwas ban taɓa ce wa Fati zan yi abu na fasa ba. Ita ma ta sani, shi ya sa ta ɗauki kwanon ta tashi.

Kwana shida ke gare mu. Wahabu bai yi ƙyuya ba, Allah ya sani. Ya wanke karburato, ya sa sababbin buji masu ba da wuta, ya juya delko mai raba musu wutar gaba ya juya baya, ya duba kuloci. Kowace rana mu hau gudron, ta yi gudu kamar barewa. Mu sauka mu shiga ɗan rairayin bayan gari, ta langaɓe. Na ce masa ni ba a kan gudron nake cin abinci ba. A rana ta huɗu ya rufe kapo, murfin gaban mota, ya tsaya yana goge hannu da tsumma bai kalle ni ba.

"Baba, duk abin da littafi ya ce na yi. Alama tana kan alama, babu abin da ya kauce. Wataƙila dai tsufa ne ya kama ta."

Ban san lokacin da maganar ta fita ba.

"Tsufa? Da lafiyarta na kawo maka ita! Ubanka da rabin ido ya fi ka da idanu biyu da littafi."

Magana zarar bunu ce. Akwai mutane a garajin, kowa ya ji. Wahabu ya ninke tsumman ya ajiye a kan kujera. Na koma gida kunya ta ishe ni, ko tuwon kirki ban ci ba. Yaron nan a kafaɗata na sha ɗaukarsa zuwa kallon dambe, ga shi yau na muzanta shi a gaban masu kawo masa aiki.

Washegari ina alwalar walaha sai na ji sallamarsa a ƙofar gida.

"Baba, ɗauko makulli mu je wurin tsoho."

Muka tafi da Guzuma ba kaya, muka ajiye ta a gindin tudu, muka hau da ƙafa. Rabe yana inuwar gawonsa yana tufkar igiya. Tun kafin mu yi sallama ya ɗago kai.

"Babarbare, ina odata ta wancan mako? Ko ka sayar da ita ka ci goro?"

"Bafillace, ka bari, ba lafiya ba."

"Na sani. Na ji ku ranar kasuwa, sau uku tana yunƙuri tana komawa. Numfashinta ne ya makara."

Na fusata nan take. "Ka ji, ka kuma san ciwon, ka zauna kana tufkar igiya?"

"Garaji ba nawa ba ne yanzu," ya ce, bai ko daina tufka ba. "Mai garaji kuwa bai tambaye ni ba."

Wahabu ya cire takalmi ya durƙusa a gabansa. "Na zo tambaya, Baffa."

Rabe ya ajiye igiyar, ya laluɓi sandarsa. Ya ce a faɗa wa mutanen gida zai kwana Magariya.

Da azahar muka iso garaji. Labari ya riga mu, masu shayi da masu faci duk suka taho gaishe shi. Ya zauna a tsohuwar kujerarsa, ya shafa hannunta har yatsansa ya sami zanen nan uku, sannan ya ce a buɗe masa saman inji.

Ga wanda bai taɓa leƙa cikin mota ba, abin ba wuya. A saman kilas akwai wata sandar ƙarfe mai tozaye da take kwance, makanikai suna ce mata arbakam. In tana juyawa, tozayen ne ke danna sufaf, wato 'yan ƙofofin da iska da mai ke shiga ta ciki, hayaƙi kuma ya fita. A goshin sandar akwai faifai mai haƙora, sarƙa daga ƙasan inji ita ke juya shi. Wani ɗan turken ƙarfe ne ke shiga rami a jikin faifan ya riƙe shi da sandar, don kada ɗaya ya riga ɗaya.

Muka kama Rabe ya miƙe, ya sunkuya, ya sa babban yatsa yana bin faifan a hankali.

"Wahabu, turken yana wane rami?"

"A raminsa, Baffa. Na masu ƙira, inda littafi ya nuna."

"Rami nawa ka gani a faifan?"

"Biyu."

"To na biyun fa, aljanu ne suka huda?"

Wahabu ya sake leƙa faifan. "Ramin ratayewa ne ai. Na ga ka huda shi ka zana uku a gefensa, kamar sauran kayan bango. Na ɗauka daga ƙusa ka ciro faifan ka sa mata tun da daɗewa."

Rabe ya kwashe da dariya har tari ya kama shi, sai da aka ba shi ruwa. "Ido, wa ka raina? Ya ce wanda nake gani kullum. Tun kana rarrafe kake ganin zanen nan a buta da guduma, shi ya sa da ka gan shi a inda yake magana ba ka saurara ba. Laifina ne ma. Wani bakaniken da zai tsaya ya tambaya, ɗana kuwa ya san duk abin da na taɓa sai na zana."

Ya koma kan kujera ya jawo Wahabu kusa. Ni ma na matso, don shekara ashirin da shida ina tuƙa abin da ban san sirrinsa ba.

"Duk lokacin da aka goge kilas, sai ya ɗan sauka ƙasa. In ya sauka, sandar nan ta matso kusa da gindin inji, sarƙa ta yi sako-sako ta gefen da take ja, sai sandar ta riƙa zuwa a makare. Gugar farko ba ka ji. Ta biyu ka ɗan ji. A ta uku ne na ga alamar masu ƙira ta daina faɗin gaskiya, don su sabon kilas suka auna, ba wanda aka ci sau uku ba. Sai na huda nawa ramin, wajen rabin haƙori gaba, na maido mata da lokacinta, na ma ɗan ƙara mata sammako saboda rairayi."

"To in a makare take, me ya sa take gudu a gudron?" na tambaya.

"Babarbare ba zai gane ba, bai taɓa shigar da shanu garke ba. In shanu sun taho a guje, ka daɗe ba ka rufe ƙofa ba, wasu za su ƙara shiga, riba ce. In kuwa a hankali suke tafe, ka bar ƙofa a buɗe, na ciki ma sai su juyo su fita. Haka iska take a inji. A gudron inji yana juyawa da sauri, jinkirin rufewa ya yi mata daɗi. A rairayi kuwa a hankali take ja, ƙofa ba ta rufe da wuri ba, piston ya taso ya koro abin da ya shiga. Da me za ta hau tudu?"

Na ce to shi ke nan, a mayar da turke ramin Rabe mu tashi. Har na fara jin sanyi a raina. Amma Wahabu bai motsa ba, yana kallon faifan.

"Baffa," ya ce a hankali, "raminka na guga uku ne. Yanzu huɗu aka yi, kuma na ƙarshen nan sun ci da ɗan yawa, don lanƙwasar ta yi zurfi."

Rabe ya juyo da idonsa mai gani wajen ɗansa, ya daɗe.

"Ka ji ɗan lakwal," ya ce. "To me kake jira? Mu auna."

Abin da na gani da yammacin nan ba zan manta ba. Wahabu ya yanko kwali ya zagaye shi, ya rubuta masa lambobi daga littafinsa, ya manna a ƙasan inji inda sarƙa ke tasowa. Rabe kuwa ya ce a cire buji na farko, a samo masa sillen kara, ya zura a ramin don ya ji lokacin da piston ya kai ƙololuwa. Ɗaya hannun ya ɗora a kan sufaf. Ni aka ba aikin juya inji da hannu, kaɗan-kaɗan, kuma duk na yi sauri sai in sha faɗa daga baki biyu. Rabe ya rufe ido, in ya ji ƙarfe ya motsa a ƙarƙashin yatsansa ya ce, "Nan!" Wahabu ya karanta lamba ya rubuta. Suka gwada da ramin masu ƙira, suka gwada da ramin Rabe, kowanne sau uku. Lissafin Wahabu ya nuna ramin ubansa ya kusa, amma da saura kaɗan, abin da bai fi faɗin ƙwayar dawa ba.

"Kada ka zarce," in ji Rabe. "In ta yi sammako fiye da kima, piston da sufaf za su haɗu a ƙofa. Ƙara ɗaya za ka ji, daga nan sai masu sikeli."

Ya juyo gare ni. "Kai kuma ka sani, gudun nan na gudron da kake cika baki da shi a tasha ya tafi. Ba ta zama doki da takarkari a rana ɗaya. Zaɓi."

"Ba ni takarkarina," na ce.

Wahabu ya cire faifan ya ɗaure a kan tebur, ya auna ya sake aunawa, ya huda rami na uku a wani gefen. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Da ya gama ya ɗauko ɗan ƙarfen da ubansa ke zane da shi, ya buga uku a jere kusa da sabon ramin. Rabe yana ƙirga bugun da kunne.

"Ƙara ɗaya," ya ce.

Wahabu ya tsaya da guduma a sama. Ni ban gane ba sai daga baya aka faɗa mini. A gidansu, ranar da ɗa ya isa a ware masa garkensa, shi ne yake ƙara zane ɗaya a kan na ubansa. Shekara biyu da karɓar garaji, Wahabu bai taɓa ƙarawa ba, kuma ba wanda ya ce masa ya ƙara. Ya buga na huɗun, ya ɗan karkace, amma ya fito.

Aka mayar da komai, Wahabu ya sake daidaita delko, aka tayar. Muryarta ta dawo, wannan gurnani mai kauri da na sani. Da mutane suka ragu na ja shi gefe na ce, "Wahabu, maganar jiya..."

"Wace magana, Baba?" ya ce, ya miƙo mini makulli.

Ranar kasuwa Fati ta riga ni shiri. Ta ce alkawari da shaidu ake cika shi, kuma ita ce shaida. Na ce wa Wahabu ya zo mu je, ya ce aiki ya yi masa yawa. Na leƙa garajin, babur ɗaya ne kawai a ciki. Ban matsa masa ba, don ni ma da da wanda zai tuƙa mini da na zauna.

A Dungas na cika ta fiye da wancan makon, buhu goma sha huɗu, don kada a ce na yi mata sauƙi. Wasu fasinjojin da suka sha turi suka hau suna gunaguni, wata tsohuwa ma tun a tasha ta cire takalmanta ta riƙe a hannu. Rabe yana tsakiya a gaba, Fati a bakin taga.

Muka iso gindin Tudun Kuka Biyu rana ta fara zafi. Na yi bismilla, na sa giya ta biyu, na taka a hankali. Ta shiga rairayin. Muka wuce kukar farko. Muka zo daidai ramin da ta tona wancan mako, har yanzu da alamarsa, sai na ji ta ɗan yi nauyi, hannuna ya kai kan giya.

"Bar ta," in ji Rabe. "Kada ka taɓa."

Na bar ta. Ta yi gurnani daga can ƙasa, ta dafe, ta ci gaba da ja, taku ɗaya bayan ɗaya kamar sa a gaban garma. Kuka ta biyu ta wuce ta gefen taga. Sai ga rumbunan su Rabe a gabanmu. A baya mata suka rangaɗa guɗa, awaki suka ɗauka, na danna oda sau uku duk da mai ita yana zaune a gefena. Daɗi ya cika ni har na rasa abin faɗa, abin da ba ya faruwa da ni sau da yawa.

Fati ta gyara mayafi, tana kallon waje. "Ni ma ai ban so a yanka ta ba," ta ce. "A cikinta aka kai ni haihuwar Mariama. Amma ka sayi shebur, na gaji da ganin ka kana tono da hannu."

Na tsaya a inuwar gawo don in sauke Rabe. Na kai hannu zan kashe inji, ya riƙe mini hannu.

"Dakata, bar ni in ji."

Ya sauka, ya zagaya da sandarsa, ya ɗora tafin hannu a kan kapo ya sunkuyar da kai. Fasinja suna ta cewa rana tana yi, bai kula su ba. Can ya matso bakin tagata, ya rage murya yadda ko Fati ba za ta ji ba.

"Babarbare, ta fi lokacin da take hannuna. Shekara ashirin da huɗu ban taɓa samo mata wannan numfashin ba." Ya goge idonsa mai gani da bakin rawani. "Kada ka faɗa masa, kansa zai kumbura."

Na ce to.

Shi ma Rabe ya san wanda ya ba ajiyar magana, bakina ba ya riƙe irin wannan. Washegari ko koko ban tsaya sha ba, na nufi garaji. Na tarar da Wahabu a durƙushe gaban babur ɗin nan guda ɗaya, na faɗa masa duka, kalma da kalma, har da riƙe hannun da goge idon. Bai ɗago ba. Ya ci gaba da ɗaure wani noti da tun ina bakin ƙofa na ga ya riga ya ɗauru.